Inda Sabis Yake Kamawa

Malam Sha'aban yana da wani ɗan aibu wanda ko shi kansa ba ya musu idan an matsa masa: ba ya son a gan shi da tabarau. Likitan ido ya rubuta masa shi tun yana aiki a ma'aikatar gona, ya saya, mai kyau kuwa, amma zaman tabarau ɗin a aljihun mota ya fi zamansa a kan hanci. In aka miƙo masa waya a cikin mutane, sai ya ɗaga ta can nesa da fuska kamar mai duba ko ƙwai ya lalace, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na gani." Sau da yawa bai gani ba.

Aibunsa na biyu ba ƙarami ba ne, don ya cinye rabin harabar gidansa a Rijiyar Zaki. Da ya yi ritaya, cikin abokansa wani ya sayi fili, wani ya tafi Umara. Shi kuwa ya sayi mota mai ɗaki. Tsohuwar motar Turawa ce ta yawon shaƙatawa, an shigo da ita ta Kwatano, da gadonta a ciki, da 'yar kabad, da wurin wanke hannu wanda bai taɓa kawo ruwa ba, da tsani a baya na hawa rufi. Har ɗan akwatin intanet ya saya mata, mai kamar sabulun wanka, don idan ya hau tsaunin Mambila ya riƙa turo wa abokai hotuna su ji haushi. Iyakar inda motar ta taɓa zuwa shi ne Bichi, ɗaurin aure, kuma a can ma mata suka riƙa ɓoye 'ya'yansu suna zaton masu allurar rigakafi ne. Tun daga nan matarsa take adana albasa a cikinta.

Ranar wata Talata a tsakiyar damina aka fitar da albasar. Safara'u, ƙanwarsa da ke jinyar mahaifiyarsu a ƙauye, ta aiko cewa jikin Inna Hure ya tsananta. Sha'aban ya ce to ga ranar motar nan ta zo, zai kwantar da Inna a gadon ya kawo ta asibiti a birni. Ya kama hanyar Makoda, ya sauka daga kwalta, ya haye kwalbatin rafi, ya gangara Kwarin Baure inda aka haife shi.

Ya tarar da ita a jingine da bango, ƙafafu sun kumbura, numfashi sai ta jawo shi da ƙyar. Amma idon nan nata yana nan yadda ya san shi.

"Asibiti kuma?" ta ce. "Ai na je. Sun ba ni abin da za su ba ni, sun ce in dawo gida in huta. Ni ba yarinya ba ce, na san abin da ake nufi da hutu. Ba likita nake nema ba. Yayanku nake nema."

Safara'u ta sunkuyar da kai. Sha'aban ya gyara zama a kan tabarma.

Yayan nasu shi ne Khalilu, ɗan farin Inna. Shekaru da yawa da suka wuce, bayan rasuwar mahaifinsu, rabon gado ya ba shi gonar tudu, wadda marigayin ya ƙarar da ƙarfinsa yana kai mata taki a kan jaki. Khalilu ya sayar da ita ga wani baƙo don ya yi kuɗin tafiya Saudiyya. Inna ta aika masa kawunsu, ta aika masa liman, bai fasa ba. Ranar da ya zo sallama ta tsaya a bakin zaure, a gaban maƙwabta, ta ce, "Je ka. Amma ban yafe ba." Ya tafi da wannan a kunnensa. Yana Jidda har yau, yana ɗinki a shagon wani Balarabe. Ba shi da takardar zama, don haka in ya fito ba shi da hanyar komawa, in ya zauna kuma ko layin waya ba zai iya yi da sunansa ba. Da intanet ɗin shagon yake kira, in mai shagon ba ya nan.

"Ina so in kwance abin da na ɗaura," Inna ta ce. "Ba na so in tafi in bar shi da shi."

"Ai da sauƙi, Inna," in ji Sha'aban, yana laluben waya. "Ki faɗa yanzu in naɗi muryarki, in na fita kwalta in tura masa."

"Da wannan abin na yi faɗa?"

"A'a, amma…"

"A kunnensa na faɗa, yana tsaye yana ji. A kunnensa zan janye, yana ji ina ji. Ba aike ba ne."

Matsalar ita ce Kwarin Baure ba sabis. Tun bazara ɓarayi suka kwashe baturan ƙarfen sabis ɗin da ke kusa, kuma masu shi ba su leƙo ba. Sha'aban ya koma har bakin kwalta da yammar nan ya tura wa Khalilu saƙo. Amsa ta zo nan take, kamar mutumin yana zaune a kan wayar. Mai shagon yana tafiya gida cin abinci bayan azahar ɗinsu, ya dawo da la'asar. A agogon nan gida, daga hantsi ke nan zuwa azahar. Suka tsayar da gobe Laraba. Sha'aban ya dawo yana jin kansa: da safe a kwantar da Inna a mota, a fita Makoda inda sabis ya cika, a yi magana, a dawo kafin rana ta yi zafi.

Kafin gari ya waye aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya ɗauke kwalbatin gaba ɗaya. Masu babur ma sai an ɗaga musu shi a kafaɗa ake tsallakewa.

"Sai mu bari a gyara hanya," in ji Sha'aban.

"Ni na san abin da nake ji a ƙirjina," Inna ta ce. "Yau."

Mata huɗu suka kamo ta a kan tabarma suka shigar da ita motar. Da aka gyara mata matashi, ta bi rufin da kallo, ta dubi 'yar kabad, ta shaƙi iska.

"Wannan ne abin da ka saya da kuɗin sallamarka?"

"Shi ne, Inna."

"Ɗaki ne ko mota?"

"Duka biyun ne."

"Uhm. Shi ya sa bai yi kama da ko ɗaya ba. Kuma warin albasa yake."

Sha'aban ya sa ɗan akwatin intanet a leda, ya ɗaure shi a kan doguwar gorar da ake kaɗo mangwaro da ita, ya ɗaure gorar a jikin tsanin baya. Haka suka fita daga gari, leda tana lilo a sama, Safara'u a zaune a gefen gado tana yi wa Inna fifita da murfin kwano.

Wanda ya ƙera motar nan bai taɓa ganin ƙasar Kano da damina ba. Babu taku ɗaya da ba a shuka ba. Gero ya fid da kai, dawa ta fi motar tsawo, hanya kuwa iyakar faɗin amalanke ce, ganye yana marin madubi ta hagu da dama. In ka kauce wa rami ka hau wake, in ka kauce wa wake ka hau gyaɗa. Ba su yi nisa ba wani mutum ya ɓullo daga cikin dawa da fartanya a kafaɗa yana ɗaga hannu.

"Haba Alhaji! Gyaɗa ce fa ka bi ta kanta! Kunya biyu ka kwantar min!"

"Yi haƙuri, Kamilu. Inna ce a ciki, ba ta da lafiya."

Jin haka Kamilu ya jefar da fartanya, ya zagayo ta taga ya durƙusa a cikin taɓo. Ina kwana, an tashi lafiya, ya jiki, ya ruwa, ya ƙarfin jiki. Inna ta amsa kowacce, sannan ta tambayi mahaifiyarsa, ta tambayi matarsa, ta tambayi yaron da aka yi wa kaciya. Sha'aban yana riƙe da sitiyari yana kallon inuwar gora tana gajarcewa a ƙasa. Kafin Kamilu ya miƙe, wasu biyu sun fito daga gonar gaba sun durƙusa a bayansa suna jiran layi.

Duk wanda ke wurin ya san inda sabis yake kamawa a wannan ɓangaren rafin. Sha'aban ma ya sani. Babu dai wanda ya faɗa a gaban Inna.

Filin makarantar firamare ya fara nufa, don nan ne wurin da mota za ta iya tsayawa ba ta taka abincin wani ba. Ya ɗaga waya nesa da fuska. Sandar sabis ɗaya, tana zuwa tana ɓacewa. Ya shiga baya ya tsuguna a gaban gado, ya danna kiran bidiyo da bisimilla.

Fuskar Khalilu ta fito. Gemu ya yi fari fat, kumatu sun zube, a bayansa jallabiyoyi a rataye. Sha'aban ya daɗe bai gan shi a bidiyo ba. Ya juya wayar wajen Inna. Kallo ɗaya ta yi, ta juyar da fuska ga bangon mota. Ba fushi ba ne. Ɗan fari ne, kuma ita ta mutanen da ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zura masa ido a gaban mutane ba. Yayanku, ko wancan, shi ke nan.

"Salamu alaikum," in ji Khalilu. "Inna, ina kwana?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau."

"An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya mutanen gida?"

"Duk lafiya. Sha'aban, tambaye shi ya aiki."

Sha'aban ya buɗe baki zai tambaya, fuskar ta tarwatse ta koma ƙananan akwatuna, allon ya yi duhu. Ya fita ya juya gora gabas, ya juya ta yamma, ya hau tsani ya ɗaga ta sama har rigarsa ta yage a hammata. 'Yan makaranta suka cika tagogin aji, malaminsu ma ya fito da alli a hannu. Sandar ba ta dawo ba.

Wuri na biyu da ba a noma shi ne gefen maƙabarta, kuma yana da ɗan tudu. Da motar ta tsaya, Inna ta sa yatsa ta ɗaga labule ta leƙa.

"Sha'aban."

"Na'am, Inna."

"Ka cika gaggawa. Ban ce a kawo ni nan ba tukuna."

Safara'u ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta toshe baki da mayafi. Sha'aban ya yi kamar bai ji ba. Sanda biyu. Ya danna, ya shiga.

"Salamu alaikum. Inna, ina kwana?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau."

"An tashi lafiya?"

"Yaya," in ji Sha'aban, "ai kun gaisa ɗazu!"

Babu wanda ya kula shi. Suka bi ta kan jiki, suka bi ta kan ruwa, suka bi ta kan mutanen gida. Wannan karon an samu an tambayi aiki, Khalilu ya ce da godiya. Inna ta ja numfashi za ta ɗora, layin ya ɗauke.

Sha'aban ya zauna daɓas a ƙasan motar. Gumi ya jiƙe masa baya.

"Inna, don girman Allah. Abin nan ba ya daɗewa. Da ya kama, ki tafi kan maganar kai tsaye. Gaisuwa an yi ta sau biyu."

"Shekara nawa ban ji muryarsa ba? In afka masa da magana kamar mai korar akuya daga rumbu?"

"To sau ɗaya ai ya isa."

"In ka fita daga ɗaki ka dawo, ba ka sake sallama?"

Sha'aban ya miƙe. Ya fita ya tsaya a gindin gora inda rubutu yake ɗan wucewa, ya rubuta wa Khalilu da manyan yatsunsa: in ya sake shiga kada ka gaishe ta, ka yi shiru kawai. Sai da ya gaji da tsayuwa amsar ta iso, da murya. "Kai Sha'aban, uwata ce fa. Kuma fushi take da ni. In fara da ƙin gaisuwa? Ku dai yi sauri, mai shagon ya kusa dawowa."

Ya ɗaga kai. Hadari yana haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa kan dawa. Ya tsaya da wayar a hannu yana lissafin wuraren da suka rage. Filin Idi yana ƙetaren rafi. Bayan masallacin Juma'a kwari ne. Ya san saura wuri ɗaya, ya kuma san ba zai iya buɗe baki ya faɗa ba.

Inna ce ta kira shi daga ciki.

"Yaran garin nan, ina suke zuwa da wayoyinsu da yamma?"

Ya dubi Safara'u. Safara'u ta dubi murfin kwano.

"Kun ɗauka don ina kwance ba na jin hirar tsakar gida? Na san inda suke zuwa. Kai ni."

Gonar tudu ba gona ba ce yanzu. Wanda ya saya ya mayar da ita gidan bulo. An kankare ƙasar da aka yi shekaru ana ciyarwa, an zube yashi tsibi-tsibi, bulo a jere yana shan iska. Tsamiyar mahaifinsu kaɗai aka bari, don leburori suna bukatar inuwa. Tun ranar da aka sayar da wurin Inna ba ta sake bi ta hanyar ba, ko biki ake a unguwar gaba sai ta zagaya. Ga shi kuma a duk faɗin ƙasar nan, nan ne kaɗai mota mai ɗaki za ta shiga ta juya ba ta ba kowa haƙuri ba.

Leburorin sun ga hadari suna ta lulluɓe siminti, ba su tambaye shi komai ba. Ya tsaya a gefen tsamiya. Inna ta ɗaga labule, ta daɗe tana kallo.

"A nan abin naku yake kamawa?"

"A nan ne, Inna."

"Can inda suka tara yashi, nan yake ɗaure jakin." Ta saki labulen. "Kira shi."

Sanda uku. Sha'aban ya ji wani daɗi ya ratsa shi wanda bai dace da wurin ba. Fuskar Khalilu ta fito tar, har ana ganin zare a maƙale a gemunsa. Aka yi sallama. Aka bi kwana, aka bi jiki, aka bi ruwa da mutanen gida, Sha'aban yana cije leɓe yana riƙe da wayar da hannu biyu. Aka tambayi aiki. Layin bai motsa ba. Yayyafi ya fara sauka a rufin motar.

"Tambaye shi ya zafin garin nasu," Inna ta ce, fuskarta a bango.

"Alhamdu lillahi, Inna, da sauƙi," in ji Khalilu. Ya san gaisuwa ta ƙare. Ya sunkuyar da kai, ya sauke ido ƙasa, yadda ɗa yake yi in uwa za ta yi magana.

Ruwan ya ƙara ƙarfi. Inna ta lumshe ido har Sha'aban ya ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, ba da ƙarfi ba:

"Khalilu."

Safara'u ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Sha'aban ya ɗago ya dube ta. Ya haura hamsin a duniya, bai taɓa jin sunan nan a bakin nan ba.

"Khalilu, ka san inda nake kwance yanzu? A gonar ubanka. Ba gero, ba wake, sai yashi. Na zo na gani da idona, kuma ban mutu don na gani ba. Ƙasa ce. Wani ya noma kafin ubanka, wani zai yi abin da ya ga dama bayan mai bulo." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Maganar da na faɗa maka a bakin zaure, zafi ne ya sa. Na kwana da ita fiye da yadda ka kwana da ita. Kullum in aka ce wani ya dawo daga can sai in ce ko bakina ne ya tsare ka. Na janye. Na yafe maka, duniya da lahira. Nonon da ka sha halal ne. Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka, ya dawo da kai gida ko ba na nan. Ni ma ka yafe min."

Sha'aban yana kallon allon ta cikin hawaye. Khalilu bai ɗago ba. Ko ƙifta ido bai yi ba, ko kafaɗa ba ta motsa ba. Sha'aban ya ce a ransa, duk abin da za a faɗa a kan Yaya, ladabi dai ba a fi shi ba. Akwai wani ɗan siririn rubutu da ya fito a saman kan Khalilu, da wani ɗan ƙara ɗit-ɗit a ƙarƙashin ƙarar ruwa. Batir ne, ya ce a ransa, Allah ya sa ya kai mu. Tabarau yana gaba a aljihun mota, kuma wannan ba lokacin tashi neman tabarau ba ne.

Ruwa yana ta dukan rufin motar.

"Yaya," in ji Sha'aban a hankali, "ka ji…"

"Ƙyale shi," Inna ta ce. "Kuka yake. Kada ka sa babba ya yi magana da kuka a gaban ƙannensa. Kashe abin. Ku kai ni gida."

Ya danna jan maɓallin. Ya fita cikin ruwa ya sauke gora, ya ciro akwatin daga leda ya kashe, ya jefa a kabad.

Da yammar nan Inna ta sha fura rabin kofi, abin da ta yi kwanaki ba ta yi ba. Matan da suka shigo dubiya ta ce musu, "Na sauke." Ta yi barci ba tare da an jingina ta da bango ba. Labari ya zaga Kwarin Baure cewa motar Sha'aban ta kai Inna Hure har Jidda ta dawo da ita. Liman da kansa ya zo ya leƙa ciki, ya taɓa gadon, ya ce ashe abin yana da amfani. Sha'aban ya ce ai shi tun farko ya hango irin wannan ranar.

Ranar Juma'a da hantsi Inna ta cika, Safara'u tana riƙe da hannunta. Aka yi mata sutura, aka sallace ta bayan an sauko daga masallaci, aka kai ta gefen da ta ce ba ta ce a kawo ta ba tukuna. Da aka dawo, dattawa suka ce a sanar da babban ɗanta. Sha'aban ya sake ɗaure leda a kan gora, ya hau tudu shi kaɗai.

A hanya yana shirya abin da zai faɗa. Zai ce, Yaya, sai haƙuri, amma ka gode wa Allah, ka samu abin da mutane da yawa ba su samu ba. Ya tsaya a gefen tsamiya, ya kunna akwatin. Da yake babu kowa a wurin, ya buɗe aljihun mota ya sa tabarau.

Kafin ya nemo sunan Khalilu wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne, yana jira tun ranar Laraba. Ya danna.

"Sha'aban, hoton ya tsaya tun daga inda ta tambayi zafin gari. Ban ji komai ba bayan nan, ina ta halo halo. Ga mutumin ya shigo. Me ta ce? Don Allah ku sake fitowa gobe, zan jira."

Goben ita ce Alhamis. Ranar Alhamis Sha'aban ya wuni a ƙofar gida yana wanke motar.